BIKIN INDIYA: Abin da baƙo zai tarar, wanda fim bai nuna masa ba

A Gyallesu da Tudun Wadan Zariya, da wuya a raba katin bikin 'yar gata ba a ga jerin shagulgula a bayansa ba: kamu, sa lalle, walima, dina. Wasu amaren kan ƙara da ranar Indiya, inda amarya da ƙawayenta za su naɗo sari, su jera awarwaro har gwiwar hannu, su ɗiga ja a goshi, mai kiɗa kuma ya saki sautin Indiya. Duk wannan shiga daga fim aka ɗauko ta. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Kaduna ba za ta iya lissafa maka yadda ake aure a Mumbai, domin ta ga "Hum Aapke Hain Koun" na 1994, inda Salman Khan da Madhuri Dixit suka shafe sama da awa uku kusan duk a cikin hidimar biki.

To amma a ce yau an ɗauki ɗan kallon nan, ko ɗaya daga cikin ɗaliban arewa da ke karatu a Indiya, an ba shi katin gayyata na gaske zuwa auren mabiya addinin Hindu, me zai tarar?

BAƘIN DA SUKA RIGA SUKA GANI

Ba shi zai zama na farko ba. A Disambar 2018, mawaƙin Amurka Nick Jonas ya kwashi danginsa suka sauka a fadar Umaid Bhawan da ke Jodhpur don auren Priyanka Chopra. Ran 1 ga wata aka yi na coci, washegari aka yi na Hindu, Turawa suka sha lalle da rawa. A Yulin 2024 kuwa, wurin auren Anant Ambani da Radhika Merchant a Mumbai, an ga su John Cena da Kim Kardashian cikin shigar Indiyawa, kuma mawaƙinmu na Nijeriya, Rema, yana cikin waɗanda suka yi wasa. Abin ya kai har akwai wani kamfani, JoinMyWedding, da aka kafa a 2016 don sayar wa 'yan yawon buɗe ido tikitin shiga bikin mutanen da ba su taɓa sani ba. Wato ka biya kuɗi ka zama ɗan biki!

Su kansu 'yan fim sun daɗe da gane cewa baƙo a gidan biki labari ne. A "Bride and Prejudice" na 2004, wani Ba'amurke ne ya zo biki Amritsar yana ɗaga hanci, ya ƙare da faɗawa tarkon son Aishwarya Rai. "Namaste Wahala" na Hamisha Daryani Ahuja, wanda ya shiga Netflix a Fabrairun 2021, ya kawo rigimar gida: 'yar Nijeriya da saurayi Ba'indiye a Legas, iyaye sun ce ba su san zance ba.

INDA BAHAUSHE ZAI JI KAMAR A GIDA

Abu na farko, Indiya ƙasa ce mai faɗi, kuma kowane yanki da tsarinsa. Wanda aka fi nuna mana a fim na arewacin ƙasar ne, musamman na Punjabi. A kudu sau da yawa da safe ake ɗaura aure, a ci abinci a kan ganyen ayaba a watse. Musulmin Indiya kuwa, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 14 cikin 100, nasu ɗaurin aure ne da waliyyi da shaidu da sadaki, kamar na Gyallesu.

A na arewan, kwanakin farko ba za su ba Bahaushe mamaki ba. Ranar mehndi ranar lalle ce sak. Amarya za ta zauna awoyi ana zana mata hannu da ƙafa, a ɓoye sunan ango ko harafinsa na farko a cikin zanen, a bar shi ya nemo. Tsofaffi kan yi tsiya cewa gwargwadon kamun lallen, gwargwadon son da za a yi mata a gidan miji. Baƙuwa ma za a ja hannunta a yi mata, kuma a nan 'yar Zariya ba ta buƙatar a koya mata yadda ake zama da ɗanyen lalle.

Sai haldi, inda ake kwaɓa kurkum a shafa wa ango da amarya a fuska da hannu da ƙafa, kowa a gidansu. Duk wadda ta san dilka da halawa ta san manufar. Shawara ɗaya ga baƙo: kada ya sa shaddarsa mai tsada a ranar, domin kurkum ba ya fita da wuri, kuma 'yan biki ba sa tambaya kafin su shafa maka.

Daren sangeet shi ne ainihin abin da fim ya sayar mana. Dangin ango da na amarya za su fito gasar rawa, bayan sun yi makonni suna gwaji, wasu har da ɗauko mai koyar da rawa. A nan baƙo ba ya tsira. Za a jawo shi fili, in ya iya a tafa, in bai iya ba a fi tafawa.

INDA AKA RABA HANYA

Ranar aure ce za ta nuna wa baƙo cewa ya yi nisa da gida. A nan, ango yana zaune abokansa za su je su ɗauko masa amarya. A can, shi ne zai hau farar goɗiya da rawani da takobi, danginsa suna gaba suna rawa da ganguna, a yi tafiyar minti goma cikin awa biyu. Wannan ayari shi ake kira baraat. In sun iso, sai amarya da ango su rataya wa juna sarƙar furanni, abokai suna ɗaga ango sama don kada amarya ta kai ga wuyansa cikin sauƙi.

Daga nan sai rumfar aure mai dirka huɗu, mandap, wadda ba a shiga da takalmi. Da ango ya tuɓe nasa, ƙannen amarya mata za su sace, ba za su bayar ba sai an biya. Wanda ya taɓa zaman sayen baki da ƙawayen amarya a Tudun Wada ya san irin cinikin. A bikin Priyanka, 'yar'uwarta jaruma Parineeti Chopra ce ta jagoranci wannan sata.

Abin da fim ke yi cikin minti biyar, a zahiri yakan ɗauki awa biyu ko uku. Kuma ba lokacin da aka ga dama ake yi ba. Malamin addininsu, wato pandit, shi ke duba taurari ya tsayar da sa'a, wadda kan iya faɗawa ƙarfe biyun dare, bayan yawancin 'yan biki sun ci sun tafi. Za a hura wuta a tsakiyar rumfa ana zuba mata man shanu, malamin yana karatu da tsohon harshen Sanskrit, wanda su kansu Indiyawan da yawa ba sa ji. Uba zai ɗora hannun 'yarsa a kan na ango. A ƙulle gefen mayafinta da nasa, su zagaya wutar, wasu sau bakwai, wasu kamar Gujarati sau huɗu. Sai taku bakwai, kowane taku da alkawarinsa. Dokar auren Hindu ta 1955 ta ce inda wannan al'ada take, da zarar an yi taku na bakwai aure ya ɗauru. Sannan ango ya zuba mata jan gari a tsagar gashinta, ya ɗaura mata sarƙa mai baƙaƙen duwatsu, alamar matar aure.

Wannan sashe ba wasan kwaikwayo ba ne, ibada ce a wurinsu, domin wutar nan ita ce shaidar auren a addininsu. Ya kamata baƙo ya san haka tun daga gida. Ba a tilasta wa kowa shiga ciki. Mai son ya tsaya a kan nasa addinin zai iya zama a kujerarsa cikin natsuwa, in an zo ɗiga masa ja a goshi ko an miƙo masa abincin da aka gabatar wurin bauta, ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri. Indiyawa sun saba zama da maƙwabta Musulmi, ba sabon abu ba ne a wurinsu. Abin da ba a so shi ne raini ko dariya.

Sauran ladubban kaɗan ne. Kada a sa fari zalla, domin shi ne kayan makoki a wurinsu, baƙi ma ba a son sa, ja kuwa na amarya ne. Gudunmawa a ambulan ake sa ta, kuma a ɗora rufi ɗaya a kai, kamar 501 ko 1,001. Batun nama kuma, mai jiran tsire ya haƙura. Yawancin irin wannan biki ganye ne da wake da shinkafa da kayan zaƙi, naman shanu kuwa ko sunansa kada a kira.

HAWAYEN DA KE BAYAN FURANNI

Da asuba za a yi bidaai, rabuwar amarya da gida. Za ta riƙa watsa shinkafa ta bayan kanta ba tare da ta waiwaya ba, uwa na kuka, uba na share ido da gefen rawani. A gidan miji za ta ture tukunyar shinkafa da ƙafar dama ta shiga. Duk wanda ya taɓa raka amarya daga Gyallesu zuwa cikin birni, ya ji yadda take riƙe zanen uwarta, ba ya buƙatar fassarar Algaita kafin ya gane wannan.

Amma akwai wani kukan da kyamara ba ta cika ɗauka ba. A nan namiji ke biyan sadaki ya haɗa lefe. A can, a gidaje da dama, iyayen mace ne ke bin ango da kuɗi da gwal da mota. Gwamnatin Indiya ta haramta wannan tun 1961, amma bai mutu ba. Alƙaluman hukumar ƙididdigar laifuka ta ƙasar sun nuna mata sama da 6,000 ne suka rasa rayukansu a 2022 kaɗai saboda rigimar wannan dukiya. Akwai uban da ke fara tara kuɗin auren 'yarsa tun ranar suna, ya ƙare da bashin da zai mutu bai biya ba.

Kafin mai karatu ya ce Allah Ya raba mu da irin wannan, ya tuna da uban da ya sayar da gona don kayan ɗaki da gara, da amaryar da dangin miji ke yi wa gori saboda kujerunta ba 'yan waje ba ne. Ranar Indiya da ake ƙarawa a katin biki ita ma wani ne ke biyan kuɗin sarin da hayar wurin da mai hoto, kuma sau da yawa wannan mutumin ba ya cikin hoton.

Saboda haka in Allah Ya kai ka, malam ɗan kallo, ka je da kayan da ba ka tsoron su ɓaci, ka ci abinci da wuri, ka riƙe takalminka da kyau, sannan ka tambayi ƙarfe nawa malamin ya tsayar kafin ka yi wa kowa alkawarin dawowa da wuri.