Gajeren Sifirin Mota

A birnin Dubai samari sukan cire sifirin ƙananan motocinsu masu gudu, su sa gajeru, mota ta sauka inci ɗaya ko biyu. To, ina amfanin haka? Idan nauyi ya kusanci ƙasa, mota ba ta karkata ƙwarai a kwana, kamar yadda ɗan kokawa kan rage tsawo don kada a kayar da shi. Amma gajeren sifirin tilas ya fi tauri, saboda haka shakazoba takan mutu da wuri, taya ta cinye ta gefen ciki. Wanda ya sa, sai ya sake shakazoba, a daidaita masa ƙafafu. Kuma a Dubai, sāke ƙirar mota ba da izni ba laifi ne.