Na'urorin darar Turawa: tsofaffin abokan wasa da ke neman mai ceto

In aka yi maganar kwamfuta da darar Turawa, wadda ake kira ces da Ingilishi, eshak da Faransanci, abin da ke faɗo wa masu karatu a rai shi ne karawar watan Mayun 1997 a birnin Niyok, inda na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki uku da rabi, shi kuma biyu da rabi. To amma shekaru 20 kafin wannan karawa, wasu ƙananan na'urori sun riga sun shiga gidajen jama'a, kuma su ne a yau wasu ke tarawa kamar yadda ake tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi.

A shekarar 1977 ne kamfanin Fidelity Electronics na birnin Shikago a Amurka ya fito da Chess Challenger, na'urar farko da aka kai kasuwa. Wajen ƙera ta an juya lambobi da haruffan da ke gefen allon, aka sa kowanne a gurbin ɗan'uwansa, kuma wannan aibi ne ya ƙara mata daraja a wurin masu tarawa. A 1979 kamfanin ya fito da wadda ke faɗin motsinta da murya. A 1980 kamfanin Hegener + Glaser na birnin Munik a Jamus ya fito da Mephisto, wadda ta riƙe kambun duniya na ƙananan na'urori daga 1985 zuwa 1990 da tsarin da Richard Lang na Ingila ya rubuta. Daga Honkon kuma aka samu Novag da Saitek, wannan na biyun yana buga sunan Kasparov a jikin kayansa.

Mu dai mun fara cin karo da irin wannan na'ura ne a farkon shekarun 2000, cikin tarin kayan gwanjo da ake saukewa a tashar ruwan Kotonu a hauro da su kasuwanninmu. Tana tsakanin tsofaffin rediyoyi da kayan wasan yara, mai saidawa kuwa ya ɗauka na'urar lissafi ce, don haka bai ja ciniki ba. Da muka saka mata pil, sai ta yi ƙara, ƴan fitilu jajaye suka kama a gefen allo. Yadda ake wasa da ita shi ne, mutum ya danna ɗan wasansa a gidan da yake, ya sake danna shi a gidan da ya kai shi, ita kuma ta yi nazari, ta nuna nata motsin da fitila, sai mutum ya ɗaga mata da hannunsa. Mu da muka tashi muna kallon dattawa na buga dara a ƙasa da tsinke da tsakuwa, abin ya ɗaure mana kai, ganin allo mai gidaje 64 yana cinye mu ba tare da ya yi mana dariya ba. Tun daga nan duk inda aka kwance kaya sai mun leƙa, har muka tara kaɗan, wasu na aiki, wasu mun ajiye su don cire kayan gyara.

Kasuwar waɗannan na'urori ta faɗi ne a shekarun 1990, sa'ad da kwamfutar gida ta yi araha kuma ta fi su ƙarfi. Hegener + Glaser ya sayi Fidelity a 1989, shi ma Saitek ya saye shi a 1994. A yau tsarin Stockfish da ake samu kyauta a wayar salula ya fi ƙarfin kowane ɗan'adam. Sai dai a nan ne tsofaffin suka yi zarra: mai koyo ba ya ƙaruwa da abokin wasan da ba zai taɓa ci ba. Tsohuwar na'ura tana da matakai, tana tafka kurakurai, yaro na iya cinye ta bayan ƴan watanni, kuma idonsa na kan allo da ƴaƴan wasa, ba saƙon da zai shigo ya ɗauke masa hankali.

Abin damuwa shi ne yadda suke lalacewa. Pil ɗin da aka bari a ciki yana zubar da ruwa ya cinye ƙarafunan, ƙurar hunturu na toshe maɓallan, waɗanda aka ƙera don Amurka kuwa wutar bolt 110 suke sha, in aka haɗa su kai tsaye da tamu mai 220 sai su ƙone nan take. Da yawa kuma masu sayen tsohon ƙarfe ke farfasawa.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ya tsinci irin wannan na'ura da ya cire mata pil in ba ya amfani da ita, ya duba rubutun wutar da ke bayanta, ya ajiye ta cikin leda tare da ƴaƴan wasanta 32. In kuwa ba ya buƙatarta, ya miƙa wa makaranta ko gidan matasa, inda yara za su amfana da ita.