Motocin Ƙwanji na Da da na Yanzu a Ma'aunin Titunan Abuja

Motar ƙwanji, kamar yadda Amurkawa suke kiranta, mota ce mai matsakaicin jiki, galibi mai ƙofa biyu, wadda aka ɗora wa injin da ya fi ƙarfin girmanta, aka kuma tura dukkan ƙarfinsa zuwa tayoyin baya domin ta fizga da gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Asalinta birnin Detroit ne, amma duk wanda ya saba bin titin Aminu Kano da ke Wuse 2 ko titunan Maitama da daddare ya san rugugin Dodge Charger da Challenger da Ford Mustang, domin sababbin samfurin waɗannan motoci sun sami gindin zama a Abuja a hannun matasa masu abin hannu. Tare da su aka shigo da wata tsohuwar muhawara, wato ko motocin shekarun 1960 sun fi na yanzu ƙarfi da ƙarko, muhawarar da amsarta take da sauƙi a kan takarda, amma take ɗaukar wani salo idan aka kai ta garejin Apo da gidan mai.

Masana tarihin mota sukan fara lissafi daga 1964, shekarar da kamfanin Pontiac ya fito da GTO, inda ya ɗauko inji mai lita 6.4 da aka tanada don manyan motoci ya sanya a jikin motar da matashi mai albashi zai iya saya. Injin irin wanda ake kira V8 ne, wato mai silinda takwas da aka jera huɗu-huɗu a layi biyu da suka buɗe kamar harafin V, ita kuwa silinda ita ce ramin da fetur ke ƙonewa a ciki ya tura fistin, yawan litocin kuma yana nuna faɗin ramukan gaba ɗaya. A watan Afrilun wannan shekarar Ford ya fito da Mustang, sauran kamfanoni suka bi sahu, gasar ta kai ƙololuwa a 1970, lokacin da Chevrolet ya sayar da Chevelle SS mai lita 7.4 da ya ce tana da ƙarfin doki 450, Dodge kuma yana da injin Hemi mai lita 7 da doki 425. Zamanin bai yi tsawon rai ba, saboda dokar tsabtace iska ta 1970 da tsadar inshora da takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 sun haɗu sun karya kasuwar cikin ƴan shekaru.

Waɗannan alƙaluma su ne jarin masu begen da, sai dai akwai gyara a cikinsu. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna inji ne tsirara a kan benci, babu salansa, babu fanka, babu matatar iska, alhali daga wannan shekarar aka koma auna shi da duk kayan da yake ɗauke da su a cikin mota, waɗanda kowannensu yake cin wani abu daga ƙarfinsa. A 1971 kamfanin da ke ƙera Dodge ya buga alƙaluman biyu tare, sai ga Hemi mai doki 425 a tsohon ma'auni ya koma doki 350 a sabo. Mustang ta yau mafi araha, mai silinda huɗu da lita 2.3 kacal, tana ba da doki 315 a sabon ma'aunin, wato ta kusa kamo gagarabadan 1970 da injin da girmansa bai wuce sulusin nasa ba. Challenger Hellcat kuwa, wadda ta fito a 2015, tana da doki 707, domin an ɗora wa injinta na'urar da ke cusa iska da ƙarfi cikin silinda yadda za ta ƙone fetur mai yawa a bugu ɗaya. Tazarar mita 402 da Amurkawa ke tsere a kai, wadda tsofaffin gwarazan kan ci a daƙiƙa 13 zuwa 14, Hellcat tana cinye ta a kusan daƙiƙa 11.

Bambancin da ya fi wannan muhimmanci yana wajen tsayawa da kwana da kare rai. Yawancin motocin shekarun 1960 da birki mai ganga suka fito, wanda yake zafi ya saki idan aka matsa masa a jere, ga siraran tayoyi, ga tayoyin baya biyu a kan sandar ƙarfe guda, ta yadda idan ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta girgiza. Motar yanzu tana da birki mai faifai da na'urar da ke hana taya ƙullewa, da kwamfutar da ke rage wuta idan bayan mota ya fara zamewa, da jakunkunan iska, da gaban da aka tsara ya lanƙwashe ya shanye bugu kafin ya iso ga direba. A nan ne ake yawan kuskure, domin mutane kan ƙwanƙwasa bodin tsohuwar mota su ce wannan shi ne ƙarfe, na yanzu gwangwani ne. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, sai ɗakin direban tsohuwar ya rufta, na sabuwar kuwa ya tsaya yadda yake. Motar da ta lanƙwashe ta bar mai ita da rai ta fi wadda ta tsira da ƙyallinta ta bar shi a makara, kuma wannan hujja kaɗai ta isa ta ba sabuwar rinjaye.

Sai dai tsohuwar motar da ɗan Najeriya ke tunawa idan ana wannan magana ba Chevelle ba ce, domin motocin ƙwanjin Amurka ba su taɓa yawa a ƙasar nan ba a zamaninsu, ga shi kuma ƙa'idar kwastan ta hana shigo da motar da ta daɗe da ƙerawa. Abin da ya sani shi ne Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna ta fara harhaɗawa a 1975, ta zama motar gwamnati a mulkin Janar Olusegun Obasanjo, ta kuma yi jigilar ma'aikata da fayil-fayil daga Legas har gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja a watan Disamban 1991. Injinta mai silinda huɗu bai kai doki 100 ba, amma ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina. Abin da ya haɗa ta da Charger ta 1970 shi ne sauƙin gini, kuma wannan sauƙin shi ne ainihin abin da ake bege idan an ce motar da ta fi.

A unguwar makanikai ta Apo ake ganin abin da wannan yake nufi. Tsohuwar mota kafireto gare ta, wato ƴar na'urar da ke gauraya fetur da iska ba tare da lantarki ba, kuma bakanike yakan kwance ta ya wanke da fetur a cikin kwano, ya hura ƙananan ramukanta da baki, ya goge filogi da sanfefa, sannan ya karkata kunne yana murɗa sukuru kaɗan-kaɗan har sai ƙarar inji ta daidaita. Hellcat ko Mustang ta yanzu ba ta amsa wannan kira. Wata kwamfuta da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota ita ke auna iska da zafi da hayaƙi, ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da filogi zai tartsa, don haka mai gyara sai ya jona na'urar bincike a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996, ya karanta lambar matsalar. Akwai matasan makanikai a Abuja da suka ƙware a wannan aiki, amma kayan gyaran daga waje ake yo odarsu da dala, kuma mota kan shafe makonni a ƙarƙashin tamfol tana jiran ƴar na'urar da ba ta kai ɗan yatsa ba.

Fetur ma yana da nasa hukunci. Manyan injinan yanzu an tsara su ne don mai mai daraja ta sama, wanda ba ya kamawa da wuta kafin lokacinsa idan aka matse shi, kuma idan kwamfuta ta ji inji yana ƙwanƙwasa saboda raunin mai sai ta rage ƙarfi domin ta kare shi, ta yadda dokin da aka biya kuɗinsu ba duka suke fitowa ba. Gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar a farkon 2022 ya nuna yadda motoci ke saurin jin jiki. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a Abuja a ƙarshen 2024, kuma kodayake V8 na yau ya fi na 1970 tsimin mai nesa ba kusa ba, cunkoson Nyanya ko na Kubwa da safe ba ya barin mai shi ya ga wannan tsimi. Ga kuma ɗabi'ar cire matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ko don a sayar da ƙarafa masu tsada da ke cikinta ko don a ƙara wa mota ƙara, abin da ke mayar da sabuwar mota mai fitar da guba kamar ta shekara hamsin baya.

Mafi tayar da hankali shi ne yadda yawancin waɗannan motoci suke isowa. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, motar Amurka ta dace da hanyoyinta ba tare da an juya sitiyari ba, kuma kaso mai yawa na masu shigowa an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari. Ana miƙe bodi, a yi fenti ya yi ƙyalli, amma ba kowane dillali ne yake mayar da jakar iskar da ta fashe ba, wani ma sai ya rufe wurin ya kashe fitilar gargaɗin da ke gaban direba. Mai sayen irin wannan mota yana da gudun 2015 da kariyar 1970, kuma bai sani ba. Duk mai niyyar saye ya kamata ya binciki tarihin motar da lambar jikinta, ya kuma sa a jona mata na'ura kafin ya biya.

Abuja ta fi kowane birni a ƙasar nan jan hankalin mai irin wannan mota, saboda faɗin titin filin jirgin sama mai sunan Umaru Musa Ƴar'aduwa da na Kubwa mai sunan Murtala Muhammad, amma iyakar gudun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta gindaya wa ƙananan motoci a irin waɗannan hanyoyi kilomita 100 ne a awa, gudun da Hellcat ke kaiwa cikin kusan daƙiƙa huɗu. Ragowar ƙarfin shi ne ke fita a wasan mota na dare da na ranakun biki, inda ake juya mota a tsakiyar mahaɗa har taya ta yi hayaƙi, bayan an kashe na'urar hana zamewa da gangan, ƴan kallo kuma suna tsaye a bakin kwalta babu shinge. Ƴan sandan Abuja sun sha gargaɗi da kame a kan wannan, kuma gaskiya ce tasu, domin mai tallan ruwa da ɗan acaɓa ba su shiga gasar ba. Kame kaɗai dai bai kashe sha'awar ba, kuma keɓantaccen filin tsere mai ka'ida da motar asibiti a gefe zai fi amfanar birnin da matasan baki ɗaya.

A can inda aka faro, zamanin V8 ɗin ma yana ja da baya. An rufe Pontiac a 2010, Dodge ya daina ƙera Challenger da tsohuwar Charger a watan Disamban 2023, Chevrolet ma ya tsayar da Camaro a daidai wannan lokaci, sabuwar Charger Daytona ta 2024 kuwa da baturi take tafiya, har aka sanya mata na'urar da ke kwaikwayon rugugin inji domin masu saye kada su ji shiru. Najeriya tana da hannu a wannan sauyi, domin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt mai amfani da lantarki a kamfanin General Motors, shi ne ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa motoci ta ƙasa da ke Abuja daga 2017 zuwa 2023, inda ya yi ta kira da a karkata ga motocin lantarki. Idan irin wannan Charger ta fara isowa tashar Legas a matsayin ta hannu, za ta buƙaci wurin caji mai tsayayyiyar wuta da bakaniken da ya san yadda ake taɓa baturi mai ƙarfin volt 400 ba tare da ya rasa ransa ba, kuma horar da irin waɗannan makanikai aiki ne da yake gaban hukumar da ƙungiyoyin masu gyara na Apo tun yanzu.