Ƙungiyoyin 'Yan'uwantakar Mata a Jami'o'in Amurka

Ƙungiyoyin ɗalibai masu ɗaukar haruffan Girkanci a matsayin suna sun samo asali ne a Amurka ranar 5 ga Disamba, 1776, lokacin da ɗalibai biyar na Kwalejin William and Mary da ke Virginia suka kafa Phi Beta Kappa, wadda ta zo da rantsuwar riƙe sirri, da baji, da wata irin musafaha da mambobi kaɗai suka sani. Daga baya ita wannan ƙungiya ta bar sirri ta koma ta karrama haziƙai, amma waɗansu ƙungiyoyin ɗalibai sun ci gaba da ɓoye al'amuransu, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce Skull and Bones ta Jami'ar Yale, wadda aka kafa a 1832, take zaɓar mutum goma sha biyar kacal a shekara. George W. Bush da John Kerry, waɗanda suka kara a zaɓen shugaban ƙasa na 2004, duk 'ya'yanta ne, kuma sai a farkon shekarun 1990 ta buɗe ƙofarta ga mata.

Na mata kuwa, waɗanda ake kira sororiti, wato ƙungiyar 'yan'uwa mata, buƙata ce ta haife su. A tsakiyar ƙarni na 19 mace a aji ɗaya da maza baƙon abu ce, kuma ɗalibai maza da yawa ba su ɓoye ƙyamarsu ba. Bettie Locke na cikin matan farko da Jami'ar Indiana Asbury ta ɗauka a 1867, kuma da wata ƙungiyar maza ta nemi ta riƙa sanya bajinta alhali an hana ta zama cikakkiyar mamba, sai ta ƙi, ta haɗa kai da ɗalibai mata uku suka kafa Kappa Alpha Theta a 1870. A irin wannan yanayi sirri garkuwa ne, domin a bayan rufaffiyar ƙofa ne waɗannan 'yan mata suke karanta wa juna rubuce-rubucensu, suna gyara wa juna, don kada ɗaya ta gaza, a kafa hujja da ita cewa mata ba za su iya karatun jami'a ba.

Sai dai ƙofar da aka rufe don kariya ta zama ta wariya bayan da ƙungiyoyin suka yi ƙarfi, suka mallaki manyan gidaje a kewayen jami'o'i. Hanyar ɗaukar sababbin mambobi ita ce ke nuna haka ƙarara: a farkon zangon karatu ɗalibai kan shafe kusan mako guda suna zaga gidajen ƙungiyoyi, ana hira da su ana duba shigarsu da lafazinsu, sannan mambobi su keɓe su tantance, a rana ta ƙarshe kowace ta buɗe ambulan ta ga gidan da ya karɓe ta, idan har akwai. An daɗe ana fifita wadda mahaifiyarta ko yayarta ta taɓa zama mamba, ga kuma kuɗin shiga da na sutura da 'yar talaka ba ta iya biya. Baƙaƙen fata, waɗanda aka rufe wa ƙofa baki ɗaya, sun kafa nasu a Jami'ar Howard da ke Washington: Alpha Kappa Alpha a 1908, wadda Kamala Harris ta shiga tana ɗaliba, da Delta Sigma Theta a 1913, wadda mambobinta suka shiga macin neman haƙƙin zaɓe na mata a watan Maris na wannan shekara. Har a 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta bankaɗo cewa ana ƙin ɗaukar baƙaƙen fata a ƙungiyoyin fararen mata na can, shekara hamsin bayan an soke wariya a jami'ar kanta.

Ƙagaggun labaran mata da fina-finai sun fi karkata ga ƙyale-ƙyalen wannan rayuwa. A fim ɗin Legally Blonde na 2001, wanda aka ɗauko daga littafin Amanda Brown, Elle Woods shugabar sororiti ce da ba ta rabuwa da ɗan ƙaramin karenta, kuma karen yana aiki biyu a labarin, domin alama ce ta gata da ke sa a raina hankalinta, sannan shi ne abokin da bai juya mata baya ba sa'ad da ɗaliban lauya suka ware ta. Labarin ya yi daidai da ya nuna cewa ado ba ya hana basira, kuma zumuncin mata na iya ɗaga mace, amma ya yi shiru game da waɗanda ba a taɓa gayyata cikin gidan ba. Ta fuskar shari'a kuwa, dokar Amurka ta 1972 da ta haramta bambancin jinsi a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya ba ta shafi zaɓen mambobin waɗannan ƙungiyoyi ba, domin gyaran da aka yi mata a 1974 ya keɓe su, saboda haka har yau yawancin ƙungiyoyin maza na ɗaukar maza kaɗai, na mata kuma mata kaɗai.