Ɗaliban Da Suka Bi Gaɓar Teku A Ƙasa

A shekarar 1965 gine-gine suna ta cinye gaɓar tekun Birtaniya. Sai ƙungiyar National Trust ta nemi taimakon Jami'ar Reading. Ɗalibai da malamansu suka ba da kansu, suka bi gaɓar a ƙasa, taswira a hannu, suna rubutawa: nan gidaje, nan masana'antu, nan kuwa duwatsu da rairayi ne kawai.

Aka samu wajen mil 900 masu kyaun gani ba su lalace ba tukuna. Jama'a suka kawo gudunmawa, aka soma saye daga Whiteford Burrows a Wales. Yau ƙungiyar tana kula da fiye da mil 700.

Kun gani, masu karatu, abin da ba a ƙidaya ba yakan salwanta ba labari.