Zinare Huɗu Ba Su Buɗe Masa Ƙofar Gaba Ba: Darasi Daga Rayuwar Jesse Owens

Akwai wata nasiha da ake yawan yi wa wanda ake nuna wa wariya: ka yi haƙuri, ka dage ka yi fice, ranar da ka zama wani abu babu mai sake raina ka. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Sai dai tarihin wasanni ya nuna cewa mutum na iya cinye duniya da bajinta, ya dawo gida a ce masa ya bi ta ƙofar baya. Abin da ya faru da ɗan tseren Amurka Jesse Owens ke nan.

An haifi Owens a shekarar 1913 a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Jikan bayi ne, mahaifinsa kuwa gonar wani yake nomawa ana raba amfani. Yana yaro iyalin suka yi ƙaura zuwa birnin Cleveland, kamar yadda dubban baƙaƙen fata suka riƙa tserewa daga kudu a wancan zamani don neman aikin masana'anta da sauƙin tsangwama. A makaranta wani malami mai suna Charles Riley ya lura da gudunsa. Da yake yaron yana ƙwadago bayan an tashi, sai malamin ya riƙa horar da shi da sassafe kafin a shiga aji.

Ya shiga Jami'ar Jihar Ohio ba tare da tallafin karatu ba, kuma ba a ba shi ɗaki a cikin makarantar ba saboda launin fatarsa. Idan tawagar jami'ar ta yi tafiya, sau da yawa abokan wasansa farare su zauna a gidan abinci, shi kuma a ƙunsa masa nasa ya fita da shi. A cikin wannan hali ne, ranar 25 ga Mayu, 1935, a garin Ann Arbor, ya kafa sabon tarihin duniya a wasanni uku, ya kuma kamo na huɗu, duka cikin kimanin minti 45. Tsallen mita 8.13 da ya yi a ranar sai da ya shekara 25 babu wanda ya wuce shi.

Shekara ta zagayo aka yi gasar Olamfik ta 1936 a Berlin. Adolf Hitler na kan mulki, an riga an kafa dokokin Nuremberg da suka raba Yahudawa da 'yancin zama 'yan ƙasa, kuma gwamnatin Nazi na son gasar ta zama hujjar cewa jinsinsu ya fi kowane jinsi. Owens ya cinye tseren mita 100 cikin daƙiƙa 10.3, ya ɗauki zinare a dogon tsalle da mita 8.06, ya ƙara da tseren mita 200, sannan ya cike na huɗu a tseren miƙa sanda na mutum huɗu. Bajamushe Luz Long, wanda ya zo na biyu a tsalle, ya rungume shi a bainar jama'a, a filin da shugabannin Nazi ke zaune suna kallo. Amma ko a tawagar Amurka abin bai tafi lafiya ba, domin a wannan tsere na ƙarshe an cire 'yan wasa biyu Yahudawa, Marty Glickman da Sam Stoller, ana dab da farawa.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke dasa aya, alhali kuwa gaba ne darasin yake. Ana gama gasar, hukumar wasannin Amurka ta ci gaba da yawo da 'yan wasan a biranen Turai suna tsere tana tara kuɗi, su kuwa ko kwabo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da Owens ya gaji ya ƙi zuwa Suwidin ya koma gida, sai aka dakatar da shi daga gasa, yana da shekara 22 kacal.

A New York an yi masa jerin gwano, jama'a sun cika titi maƙil. Amma da aka je liyafar da aka shirya don girmama shi a otal ɗin Waldorf Astoria, ta lif ɗin ɗaukar kaya aka hau da shi. Shugaba Franklin Roosevelt bai gayyace shi fadar White House ba, bai ma aika masa da saƙon taya murna ba. Shi kansa Owens ya sha faɗa daga baya cewa shugaban ƙasarsa ne ya yi watsi da shi. Don ya ciyar da iyali, har tsere da dawaki ya yi ana biyan kuɗin kallo, ya kuma yi aiki a gidan mai. Mack Robinson, baƙar fatar da ya zo na biyu bayansa a mita 200, sharar titi ya koma yi a garin Pasadena. Sai a 1976, bayan shekara 40, Shugaba Gerald Ford ya ba Owens lambar girmamawa mafi girma ta farar hula. Ya rasu a 1980.

To me ya sa zinare bai isa ba? Domin mai wariya ba hujja yake jira ba. Idan ka gaza, ya ce dama haka jinsinku yake. Idan ka yi nasara, ya ce ai halitta ce, an yi ku ne don gudu da tsalle, ta haka ya share sammakon horo da shekarun wahala, ya kuma nuna cewa aikin tunani da shugabanci ba naku ba ne. Abin da ya kawo sauyi na zahiri a Amurka shi ne gwagwarmayar jama'a da ta haifi Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 da Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965. Bajintar irin su Owens da Jackie Robinson, ƙanen Mack, wanda ya karya shingen wariya a babbar gasar besbol a 1947, ta taimaka wajen kunyata masu wariya, amma doka ce ta tilasta musu buɗe ƙofa.

Mai bibiyar ƙwallon Turai ya san cutar ba ta warke ba. A wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai a Wembley, ranar 11 ga Yuli, 2021, 'yan wasan Ingila baƙaƙen fata, Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka, sun zubar da fenariti, Italiya ta ɗauke kofin. Kafin gari ya waye an cika shafukansu da zagi da hotunan birai. Saka, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shekararsa 19 a lokacin. Rashford kuwa shi ne ya tsaya kai da fata a 2020 har gwamnatin Birtaniya ta ci gaba da ciyar da yaran talakawa a lokacin hutu, amma hakan bai kare shi ba. A Sifaniya ma an daɗe ana cin zarafin Vinicius Junior na Real Madrid, sai a Yunin 2024 kotu ta yanke wa magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata takwas saboda abin da suka yi masa a filin Mestalla. Nan ma hukunci ne ya fara jan kunne.

Mu da ke tafasa a gidan kallo idan an zagi ɗan wasa baƙar fata, ya kamata mu tuna cewa laifi tudu ne. A cikinmu akwai gidajen da ake hana aure saboda an ce kakan saurayi bawa ne, ko don sana'ar gidansu fawa ce ko ƙira. Akwai wanda aka haifa a gari, ya yi karatu a garin, amma a hana shi gurbin aiki don an ce ba ɗan asali ba ne. Mai karatu, idan abin da aka yi wa Owens ya sosa maka rai, ka fara da gyara naka harshen da naka hukuncin. Kada ka jira sai mutum ya ciyo zinare kafin ka ba shi mutuncin da Allah Ya riga Ya ba shi.