Karatu Kyauta: Yadda Kuɗin UBE Ke Isowa Itas

A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, dokarsa kuma ta fito a 2004. Ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare.

Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC mai kula da shirin. Sai dai akwai sharaɗi: jiha ba za ta karɓi tallafin gine-gine ba sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. A nan ake yawan samun cikas, kuɗi na kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa. Idan jihar Bauchi ta biya nata, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, ce ke raba ayyuka, hukumar ilimi ta ƙaramar hukumar Itas/Gadau kuma ta kula da makarantun yankin.

Amma kyautar ba ta kai ko'ina ba. Kayan makaranta, littattafan rubutu da abin kari duk a wuyan iyaye suke, shi ya sa maraya, almajiri, ɗan makiyayi da yarinya mai talla ke fara zamewa, musamman lokacin shuka da girbi. Nan ne amfanin kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda ya haɗa iyaye, malamai da masu unguwanni. Su suka san gidan da yaro ya daina fitowa, kuma haƙƙinsu ne su tambayi inda kuɗin gyaran aji ya shiga.